Awon Kwana Biyar

Shekara goma sha huɗu Sista ta yi a ɗakin haihuwa kafin a ɗauke ta aikin bincike, kuma duk asibitin babu wanda ya yi mamakin zaɓenta. Mace ce mai sanyin hannu da sanyin magana, wadda in ta ce wa mai naƙuda saura kaɗan sai ta yarda, ko da kuwa saura da yawa. Abokan aikinta kan yi mata tsiya cewa rabin yaran unguwar ta hannunta suka iso duniya, shi ya sa ba ta iya ratsa kasuwa ba a tsayar da ita sau goma ba.

Binciken na wata likita ne, siririya mai tabarau, wadda kowa ke kira Likita Ƙarama don akwai wata babba a ɓangaren. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne matan da ke haihuwa da hawan jini. Gado ashirin ne a ɗakin masu jego, masu haihuwa kuwa ba sa ƙarewa, saboda haka washegari ake sallamar mace, a ba ta ƙwayoyi, a ce ta dawo bayan sati biyu. Wasu ba sa kai sati biyun. Sai dai a kawo su ranga-ranga suna jijjiga, haƙora a datse. Likita Ƙarama ta ce to a gwada bin su gida mana: a je ranar da mace ta kwana biyu da haihuwa, da ranar kwana biyar, da ta kwana goma, a auna jinin, in ya hau a ɗauko ta nan take. Shekara uku tana rubuce-rubuce kafin ta samu masu ɗaukar nauyin aikin. Aka ba su ɗaki ɗaya a bayan ɗakin gwaji, da kabad ɗin ƙarfe mai makulli, da na'urar awo guda shida, da wata tsohuwar mota wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje.

Sista da wata abokiyar aikinta ke fita gidaje. Mai tuƙa su wani dattijo ne mai barkwanci da ake ce wa Baba Direba, wanda ya rantse cewa motar ta girmi Likita Ƙarama da shekara biyu, kuma ta fi ta taurin kai. Kowace mace tana da lamba da fom ɗinta. A isa gida, a zaunar da ita ta huta minti biyar, a ɗaura mata na'ura a damtse, a rubuta abin da ta nuna, a sa hannu. Likita Ƙarama ta sha faɗa musu cewa kada su yarda da bakin mai jego, domin mace mai jariri da tulin aiki ko kanta na tsagewa lafiya lau za ta ce. Na'urar kaɗai za su yarda da ita.

Mace ta ɗari biyu da goma sha huɗu mai ɗinki ce, haihuwarta ta uku. Gidansu na can ƙarshen gari, bayan gadar da ake gyara, sai an yi zagaye mai nisa kafin a isa. Ranar kwana biyu Sista ta same ta a kan keken ɗinki a bakin taga, jaririya na barci a gefe, yankakkun kayan 'yan makaranta sun cika kwando. Ta yi mata faɗa irin na yaya da ƙanwa, ta ce ko keken ne ya haihu ai ya kamata a bar shi ya huta. Mai ɗinkin ta yi dariya ta ce an kusa komawa makaranta, iyayen yara sun hana ta sakat. Jinin ya ɗan hau, amma bai kai na ɗaukowa ba. Sista ta duba ƙwayoyinta, ta ƙirga ta ga tana sha, ta ce sai ta dawo.

Ranar kwana biyar ɗin ta faɗo a Talata. Abokiyar aikinta ba ta da lafiya, gidaje goma sha ɗaya suka dawo kan Sista ita kaɗai. Ta gama goma. Wajen ƙarfe biyu, suna shirin juyawa su nufi bayan gada, aka kira ta daga makarantar autarta. Malamar da ta kira ta ce yarinyar ta faɗo daga matakala, kanta ya fashe, jini ya ƙi tsayawa. Maigidan Sista malami ne a wata makaranta da ke wajen gari, wayarsa kuma a kashe take in yana aji.

Makarantar na gabas, gidan mai ɗinki na yamma. Sista ta kira lambar mai ɗinki daga cikin motar. Ta tambaye ta jiki, ta ce lafiya lau. Ciwon kai fa? Ta ce ɗan kaɗan, na rashin barci, jaririyar ba ta bari a runtsa. Tana ganin duhu-duhu ko walƙiya a ido? Ta ce a'a. A bayan muryarta Sista na jin ƙarar keke.

Ta ɗora fom ɗin a cinya. Da ta bar gurbin babu komai, ta rubuta cewa ba ta samu zuwa ba, da ba abin da zai faru sai 'yar magana daga Likita Ƙarama, a tura wani da yamma. Amma wata shida tana aikin nan ba ta taɓa barin gurbi ba, har an ambaci hakan a taro an tafa mata. Sai ta rubuta 138 a sama, 88 a ƙasa. Ba ta sa lamba mai kyau sosai ba don kada ta ja ido, ba ta sa mai muni ba don kada a ce me ya hana ta ɗauko ta. Daga baya wannan zaɓen ne ya fi cin ta, domin ya nuna mata cewa hankalinta na jikinta lokacin da ta yi. Ta sa hannu, ta ce wa Baba Direba su tafi makaranta. Ya kalle ta ta madubi, ya tada mota. Har suka isa bai yi wasa ko ɗaya ba.

Autar kuwa zaune suka same ta a ofishin shugabar makaranta tana cin biskit, an naɗe mata kai da tawul. Ɗinki biyu aka yi mata.

Sista ta ƙudurta za ta je bayan gada da sassafe ta auna matar, in ya so ta gyara lambar. Da safe aka ce akwai sababbin mata huɗu da za a yi wa bayani kafin a sallame su. Ta ce da rana. Da rana motar ta tafi gareji. Da la'asar tana tsaye a baranda sai ta ga an shigo da wata a guje a kan gadon tura marasa lafiya, wani mutum mai kayan aiki duk baƙin mai yana bin su, wata mata a bayansa rungume da jaririya. Zanen da ke jikin mara lafiyar ta fara ganewa kafin fuskar. Mai ɗinkin ce.

An ceto ranta. Kwana biyu ana fama, jijjigar ta tsaya, jinin ya sauka. Amma da ta farfaɗo bakinta ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu ba sa motsi. Ɓarin jikin ya shanye.

A taron Juma'a Likita Ƙarama ta ajiye fom ɗin a tsakiyar tebur. Idanunta sun faɗa. Ta ce ta karanta shi ya fi sau ashirin ta kasa ganewa. Mace jininta kusan daidai ranar Talata, tana shan magani, Laraba kuma ya haura ɗari biyu. Mai kula da kwamfuta ya ce a cikin mata sama da ɗari biyu ba su taɓa ganin irin wannan tsalle ba. Likita Ƙarama ta ce dole ta kai rahoto ga kwamitin da ke sa ido a kan binciken, kuma ta san abin da wasu a cikinsu za su ce, tunda tun farko ba su yarda da aikin ba: cewa awon gida ba ya kama mai haɗari, sai dai ya sa mata su saki jiki su ƙi zuwa asibiti. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce watakila suna da gaskiya, watakila ita ce ta gina aikin a kan kuskure. Sannan ta juyo ta ce wa Sista kada ta ɗora wa kanta laifi, ai ta yi abin da ya kamata.

Sista ta ce to.

Ƙa'idar aikin ce in irin haka ta faru a tura wani daban ya tambayi mara lafiya. Abokiyar aikin Sista aka tura. Ta dawo ta ce maganar matar ba ta fita sosai, amma ta tabbatar cewa Sista ta zo ranar Talata, ta auna ta. Mijin, mai walda, yana wurin aiki a ranar, bai san komai ba.

Kwana huɗu Sista na zagaye ɗakin da aka kwantar da matar, tana bin doguwar hanya ta bayan ɗakin magani don kada ta wuce ta ƙofarsa. A gida ta zama wata iri. Ta daka wa autar tsawa a kan ta zubar da ruwa, yarinyar ta tsaya tana kallonta da filasta a goshi, sai ita ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Rana ta biyar, lokacin da masu jinya suka fita karɓo abinci, ta shiga.

Mai ɗinkin na jingine da filo biyu. An ɗora mata jaririyar a ɓangaren dama tana shayar da ita, hannun hagun na kwance a kan zanen gado kamar ba nata ba. Ta ga Sista ta yi murmushi da rabin fuska. Sista ta ja kujera ta zauna, ta gyara mata filo, ta tambayi jiki, ta tambayi 'yar. Da tambayoyin suka ƙare ta sunkuyar da kai.

"Me ya sa kika ce musu na zo?"

Matar ta daɗe tana haɗa kalmomin. "Ai kin kira, Sista. Ni na ce miki lafiya lau."

"Ba kira aka aike ni ba."

"Kaina kamar zai rabe biyu ranar. Tun safe nake ganin walƙiya. Saura riga goma sha biyu in gama. Da kika ce ba za ki zo ba har daɗi na ji, don na san in kin zo sai kin ɗauke ni." Ta numfasa, ta goge gefen bakinta da kafaɗa. "Kada su kore ki a kaina. Kina da yara."

Sista ba ta tuna ta ce ba za ta zo ba. Ashe ta faɗa. Ta zauna riƙe da hannun da ba ya jin riƙo, ta ga an buɗe mata ƙofa an ce ta fita salin-alin, kuma wadda aka cuta ce ta buɗe. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, don irin wannan amsar ta lafiya lau aka ba ta na'ura da mota da direba. Matar ta yi abin da duk mai jego ke yi. Ita ce ba ta yi nata ba.

A wajen ajiye motoci ta tarar da Baba Direba yana wanke gilashi. Shi ya fara magana. Ya ce shi idonsa ya tsufa, ba ya ganin abin da ake rubutawa a kujerar baya. Amma littafin mota, wanda yake rubuta duk inda suka je, shekara talatin bai taɓa sa ƙarya a irinsa ba. Ranar Talata ya rubuta makaranta. Ba wanda ke karanta littafin, shi kuma ba zai kai wa kowa ba, ba kuma zai goge ba. Ya ci gaba da wankinsa.

Da yamma ta faɗa wa maigidanta, yana gyaran takardun ɗalibai a tsakar gida. Ya ajiye jan biron ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce da shi aka samu a waya da duk wannan bai faru ba, ta ce kada ya raba laifin don ya rage mata. Ta tambaye shi abin da ya gani. Ya ce shi dai ya lura ta riga ta san abin da za ta yi, so take wani ya hana ta, kuma ba shi zai hana ta ba, ko da yake ya san albashin binciken ne ke riƙe rabin gidan.

Washegari ta sami Likita Ƙarama ita kaɗai a ɗakin bayan ɗakin gwaji, tana rubuta rahoton kwamiti. Sista ta rufe ƙofa, ta tsaya a tsaye, ta faɗi abin da ya faru tun daga kiran makaranta har lambar da ta zaɓa. Ta yi zaton ihu. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta kalli takardar da ke gabanta, shafi huɗu, ta juya ta ta kife.

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya, Likita."

"Ta yaya zan sani?"

Mata saba'in da uku Sista ta bi gida a wata shida, kuma lamba ɗayan nan ta taɓa kowace ɗaya daga cikinsu.

Likita Ƙarama ta ce kwana tara tana zargin kanta, har ta fara rubuta wa masu ɗaukar nauyi cewa watakila a dakatar da aikin. Ta ce da gurbi ta gani ranar Talata, da ita da kanta za ta hau babur ta je. Sannan ta ce wa Sista ta ajiye na'urar da makullin kabad ta fita.

Abin da ya biyo baya ya fi abin da Sista ta zata tsada, kuma ba ita kaɗai ta biya ba. Kwamitin ya dakatar da ɗaukar sababbin mata har sai an bi fom ɗinta ɗaya bayan ɗaya, a gwada da littafin Baba Direba, a koma gida-gida a tambaya. Sati shida aka yi. Sauran saba'in da biyun duk suka fito daidai. Amma a sati shidan nan, duk macen da ta haihu da hawan jini an sallame ta ne irin ta dā, da ƙwayoyi da cewa ta dawo bayan sati biyu. An ba Sista takardar gargaɗi, aka mayar da ita ɗakin masu jego, don haka da hannunta take sallamarsu. Takan rubuta lambar wayarta a bayan katin kowace, ta roƙe ta ta dawo nan da kwana uku a auna ta kyauta. Wasu sun dawo. Yawancinsu ba su dawo ba, ba ta kuma san yadda suka ƙare ba. A baranda wasu abokan aiki sun daina yi mata tsiya, wasu kuma sun ƙara yi mata kirki fiye da kima, wanda ya fi zafi.

Saura mijin. Likita Ƙarama ta ce ita za ta yi masa bayani a madadin aikin, Sista ta roƙa a bar ta ta riga ta. Ta same shi a rumfar waldarsa a bakin titi, yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya kashe injin, ya tura tabaran walda goshi, ya ba ta benci. Tun kwanciyar matarsa yake gaishe ta da girmamawa, yana ce mata Allah ya saka. Ta faɗa masa. Ya saurara yana juya guntun ƙarfe a hannu.

"Da kin zo, da hakan bai same ta ba?"

"Ban sani ba. Amma da na ɗauko ta a ranar."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce yaransa biyu manya yanzu suna wurin ƙanwarsa, jaririyar kuma yayar matarsa ce ta bar nata gidan ta zo tana riƙewa. Ya faɗi wannan ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wasu mutane. Sannan ya ce ta tafi, yana da aiki. Ya sauke tabaran, ya kunna injin.

An sallami mai ɗinki bayan sati uku, aka ce a riƙa kawo ta gashi, wato motsa mata gaɓoɓin da suka shanye, sau biyu a mako. Mijin ba zai iya rufe rumfa ba, yayar ba za ta iya ɗaukarta da jaririya a lokaci ɗaya ba. Sista ta nemi a mayar da aikinta zuwa yamma a waɗannan ranakun, don ta riƙa kai ta da kanta. Ranar farko da ta je gidan, yayar ta tsaya a bakin ƙofa ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce ai yanzu an san hanya. Sista ta ce haka ne. Daga ciki mai ɗinkin ta kira yayarta ta ce ta bar ta ta shigo.

Haka aka yi ta yi. Ƙafar ta fara dawowa, tana jan ta amma tana takawa. Maganar ta washe. Hannun dai bai dawo ba, yatsun sun lanƙwashe ciki, kuma masu gashin sun daina cewa sai a hankali, sun koma cewa a koya mata yi da ɗaya. An rufe keken da zane an tura shi lungu. Wani lokaci a hanya matar kan yi hira har da dariya, wani lokaci kuma tun daga gida har asibiti ba ta cewa uffan, Sista ba ta kuma tambaya. Binciken ya ci gaba da wata sabuwar ma'aikaciya, da sabuwar na'ura mai ajiye lokaci da lambar duk awon da aka yi. In motar ta wuce ta a bakin asibiti Baba Direba kan danna mata oda sau ɗaya.

Mai walda kuwa in ta shigo sai ya fita. Wata huɗu bai ce mata ko sannu ba. Ran nan ta dawo da matar daga gashi ta tarar da shi a tsakar gida da dogon bututun ƙarfe da ya lanƙwasa, ya shafa masa fenti, yana son kafa shi a bango daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki don matar ta riƙa dafawa. Ya ɗaga gefe ɗaya, ɗayan ya sauka. Ya sake gwadawa, ya sake sauka. Yayar na goye da jaririya, hannunta duk kumfar wanki. Ya waiga, bai kalli fuskar Sista ba.

"Riƙe nan," ya ce. "Kada ki bari ya motsa."

Ta ajiye jakarta a ƙasa ta riƙe. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama mata tafin hannu. Ya kira matarsa ta zo ta tsaya a gwada tsayin, ta ce a ɗan sauke shi. Suka sauke. Ya yi alama da fensir a bango, ya ɗauko abin huda ya fara aiki.